Tsohuwar Kwamfutar Gidanki: Har Yaushe Masu Aikin Sa-kai Za Su Ci Gaba da Goya Ta?

 Yau za mu taɓa wata magana wadda da jin ta za ki ce ta 'yan kwamfuta ce, alhali kuwa a tsakar gidanki take ƙarewa.

Idan kina zaune a Kiru ko Bebeji, ko can ta hanyar da ta ɓalle daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada da Doguwa, kin san yadda na'ura take shigowa gida. Da wuya ta zo sabuwa a kwali. Wayar da ke hannun babbar 'yarki ta kawunta ce na Kano, ya sayi sabuwa ya sauke mata wannan. Kwamfutar da ɗanki yake koyon rubutu a kai gwanjo ce: ta gama aikinta a wani ofis a Turai, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ta zauna a shago a titin Beirut, kafin ta hau motar da ta sauke ta a Kwana. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 Najeriya a kowace shekara, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun a tashar jirgi. Masu sauran numfashin su ne a ɗakunanmu.

Kada ki raina wannan tsohuwar kwamfutar. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya umarci WAEC da NECO su ma su koma wannan tsari. Yarinyar da ta taso a Riruwai ba ta taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba, ranar jarrabawa abu biyu za ta yi fama da su: tambayoyin da kuma na'urar. Wadda ta saba, ko da a kan kwamfuta mai shekara goma sha biyar ce, ta rage ɗaya.

To sai ga shi wata rana saƙo ya fito a fuskar na'urar, cewa wannan manhaja ta daina aiki da irin taki. Wa ya yanke wannan hukunci, kuma yana da hujja?

Masu yin manhaja iri biyu ne

Akwai kamfanoni. Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, sannan Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. WhatsApp ya sallami wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5 ba tun Oktoban 2023. Waɗannan 'yan kasuwa ne, lissafin riba suke yi, kuma ba su ne maganarmu ta yau ba.

Akwai kuma 'yan gayya. Kin san VLC, manhajar kallon fim mai alamar hular nan mai ruwan lemo da fari irin wadda ake jerawa a titi idan ana gyara? Wadda masu tura fina-finai a tasha suke saka wa kowa a waya? Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa a 1996, kuma har yau wata ƙungiya da ba ta neman riba, VideoLAN, ita ke riƙe da ita. Akwai LibreOffice, madadin Word da Excel na kyauta. Akwai Debian, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya a madadin Windows, an faro ta a 1993, masu sa-kai kimanin dubu a faɗin duniya suke haɗa ta. Akwai Wikipedia, har da ta Hausa, wadda 'ya'yanmu ne suke rubuta ta ba da albashi ba.

Yawancin waɗannan mutane suna da aikin da suke ci da iyali. Wannan da daddare suke yin sa, ko ranar hutu, kamar malamar Islamiyyar unguwa da ke koyar da matan aure bayan la'asar ba ta karɓar ko sisi. Su ne suka fi tausayin tsofaffin na'urori, kuma su ne idan suka ce sun gaji, mu muke fara ji a jikinmu.

Nauyin da ba ki gani

Za ki iya cewa, to me zai rage su da shi idan sun bar manhajar tana aiki a tsohuwar na'ura? Ki tuna girkin biki. Tukunya ɗaya aka ɗora ta shinkafa, sai aka ce akwai mai ciwon suga, a ɗora masa tasa. Akwai tsohuwar da ba ta iya tauna, a dama mata kunu. Akwai wanda ba ya cin manja. Kowace tukunya tana son murhunta da itacenta da mai tsaya mata, kuma matan da suka zo taya aikin su huɗu ne tun safe.

Haka manhaja take. Duk gyaran da aka yi, sai an gwada shi a kan kowace irin na'ura da aka yi alkawarin kula da ita. Sau da yawa mai gyaran ba shi ma da irin tsohuwar da zai yi gwajin a kai. Kayan aikin da yake haɗa manhajar da su, su ma masu su sun daina yi wa tsofaffin tsare-tsare. Sai ya zama kowane sabon abu sai ya rubuta shi sau biyu, ɗaya na zamani, ɗaya na lallaɓawa. Awa ɗaya da ya ɓata a nan, ya rage ta ne daga toshe wata kafa da 'yan kutse za su iya bi.

Kuma gajiyar mai sa-kai ba ƙaramin haɗari ba ce. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano an dasa ƙofar sata a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suke amfani da ita. Da aka bi diddigi, sai aka tarar mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita shi kaɗai a matsayin aikin sha'awa. Aka yi ta matsa masa da ƙorafin jinkiri, ga gajiya, har ya ba wani baƙo da ya zo da fuskar taimako damar taɓa aikin. Baƙon ne ya yi dashen. Allah ya sa an gano kafin abin ya bazu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan karon gajiyar mutum ɗaya ce tsagar.

Saboda haka duk wanda ya ce wa masu sa-kai dole su goyi kowace na'ura har abada, bai yi musu adalci ba, kuma bai yi wa tsaron kansa adalci ba.

Yadda wasu suka yi

Debian ta fitar da siga ta 13 ranar 9 ga Agustan 2025, kuma daga ita ba za a ƙara iya girka ta a kan tsofaffin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar da ake kira bit 32 ba. Irin su ne ƙananan kwamfutocin nan kore da fari na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da aka gwada a firamaren Galadima a Abuja a 2007, da wasu ƙananan laftof na wajen 2008 zuwa 2010. Amma ta sanar tun da wuri, kuma sigar da ta gabata, ta 12 wadda ta fito a 2023, an tsara ci gaba da gyaranta har tsakiyar 2028. A watan Agustan 2025 ɗin dai LibreOffice ta fitar da sigar da ta daina aiki a Windows 7, shekara biyar da rabi bayan shi kansa mai Windows ɗin ya yi watsi da ita.

VLC kuwa ta zaɓi haƙuri. Sigarta ta 3, wadda ta fara fitowa a 2018, tana aiki har a Windows XP. Shi ya sa duk tsufan kwamfuta za ki tarar tana iya kunna karatu da fim. Firefox ma ta tsaya wa masu Windows 7 bayan Chrome ya bar su a farkon 2023, ta yi ta ƙara wa'adi har ya shiga 2026.

Labarin da ya fi shafar wayarki shi ne na Let's Encrypt. Wata ƙungiya ce da ke rayuwa da gudummawa, tana ba miliyoyin shafukan intanet shaidar tsaro kyauta, wato ɗan kwaɗon nan da aka saba gani a saman shafi. A ƙarshen 2020 ta lura cewa wani canji da za ta yi a 2021 zai sa wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba su kasa buɗe waɗannan shafuka. Da ta duba, sai ta ga wajen kashi ɗaya cikin uku na wayoyin Android a duniya ke nan. Sai ta dakata, ta nemo dabarar da ta ƙara musu shekara uku. A 2023 ta sake ƙirgawa, ta ga masu sabon tsarin sun haura kashi 93 cikin ɗari, ta sanar cewa a 2024 za ta janye tallafin, kuma ta janye. Idan akwai wata tsohuwar waya a gidanki da ke yawan nuna cewa shafi ba shi da tsaro, mai yiwuwa daga nan ne.

Wikipedia kuma wata hanya ta bi. Ta kasa na'urori gida biyu: sababbi suna samun komai, tsofaffi kuma ana ba su rubutun zalla babu kwalliya, amma ana iya karantawa. Sai dai inda tsufan ya taɓa tsaron haɗin, nan ta rufe ƙofa.

Yaye dole ne, amma akwai yadda ake yin sa

Ke uwa ce, kin fi kowa sanin wannan. Babu yaron da ake goyo har ya shiga firamare. Amma babu uwar kirki da ke yaye da fushi a dare ɗaya. Ana sa rana, ana saba masa da kunu da tuwo tun kafin ranar, ba a yaye shi yana cikin ciwo, kuma ana kai shi wurin kaka ta lallashe shi. A ganina haka ya kamata masu aikin sa-kai su yi da tsofaffin na'urori, kuma abubuwa uku ne haƙƙinmu a kansu.

Na farko, sanarwa da wuri, da harshen da mutum zai gane. Shekara ɗaya ko biyu, domin iyalin da ke jiran kaka su sayar da shinkafa ko masara kafin su canza waya ba sa iya shiri cikin mako biyu.

Na biyu, a bar siga ta ƙarshe da ke aiki a inda za a same ta, a rubuta a fili cewa ga wadda ta dace da Windows 7, ga wadda ta dace da bit 32, kuma ga haɗarin da ke tattare da ita. Wannan ba ya cin musu lokaci. Rashin sa ne yake tura yaranmu wurin masu tura manhajar da ba a san asalinta ba.

Na uku, a bambanta tsakanin manhajar karatu da manhajar da ke taɓa kuɗi da sirri. Ta koyon rubutu, ta ƙamus, ta kunna karatu, ta karanta littafi ba tare da intanet ba, a ja musu igiya iya iyawa, domin mafi yawan masu buƙatar su su ne masu tsofaffin na'urori. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma wadda ke ɗaukar lambar sirri da saƙonni da kuɗi, idan ba za a iya tsare ta a tsohon tsari ba, gara a rufe a faɗa mana gaskiya. Ƙofar da ake tsammanin a kulle take alhali sakatarta ta karye ta fi wadda kowa ya san a buɗe take haɗari.

Bayan waɗannan uku, ba na jin muna bin su bashi. Kyauta suka yi mana.

Mu da ba ma shiga lissafi

Akwai wani abu guda da yake damuna a yadda ake yanke irin wannan hukunci. Kusan kullum da ƙirga ake yi: mutum nawa ne suka rage a kan tsohon tsari? Idan an ga kaɗan ne, sai a sallame su. To amma wa ake ƙirgawa? Na'urar da ke hawa intanet kullum, wadda ta sauke manhajar daga shafin masu ita, wadda ke aika musu rahoto. A Debian ma sai wanda ya amince da kansa ake ƙirga na'urarsa.

Kwamfutar da ke ɗakin malamai a wata sakandare a Doguwa, wadda ake kunnawa idan an tada janareto, wadda aka zuba mata manhaja daga filashin wani, ba ta cikin wannan lissafi. Wayoyi ashirin da aka tura wa VLC daga waya ɗaya a rumfar mai caji a Kwanar Dangora, a wurin masu ƙirga waya ɗaya ce. Kashi shidan nan cikin ɗari da Let's Encrypt ta gani sun rage a duniya, ai ba a warwatse suke daidai ba. Sun fi taruwa a wurare irin namu.

Ba mugunta ce ta sa ba su gan mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan bai faɗa ba, mai gyaran rufi zai wuce. Waɗannan ayyuka ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Sau da yawa abin da ke hana a ci gaba da kula da tsohuwar na'ura shi ne an rasa wanda zai ce yana da ita kuma zai riƙa gwadawa. Ɗanki ko 'yarki da ke karatun kwamfuta a Bayero ko Wudil za su iya zama wannan mutumin. Za su iya rubuta musu cewa a makarantar garinmu akwai kwamfuta kaza masu tsari kaza, yara kaza ke koyo a kansu. Za su iya taya fassara sanarwar zuwa Hausa. Wanda ke cin tuwon gayya, ya kamata wata rana a gan shi da fartanya.

Abin da za ki yi a gida

Ki fara da sanin shekarun abin da ke hannunki. A waya ki shiga Settings, ki gangara About phone, ki duba lambar Android. Idan ba ta kai 8 ba, ki fara tanadi a hankali, ko da adashe ne, domin manhajoji za su ci gaba da sallamar ta ɗaya bayan ɗaya.

Ki raba wa na'urori aiki. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ko XP ta zauna ba intanet: koyon rubutu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, karatun Alƙur'ani, darussan bidiyo. Akwai wata manhajar kyauta mai suna Kiwix da ke ba da damar zuba Wikipedia a kwamfuta ko waya a karanta babu data. Amma harkar banki, da lambar BVN da NIN, da cike fom ɗin makaranta, a yi su a na'urar da har yanzu ake sabunta ta.

Idan WhatsApp ya daina aiki a tsohuwar waya, kada ki yarda a saka miki na jabu irin su GBWhatsApp. Ba daga kamfanin suke ba, ana iya rufe miki lamba saboda su, kuma ba ki san wanda ke ganin hotunan iyalinki ba.

Idan za a sayo wa yara laftof na gwanjo, a tambayi abu biyu kafin a yi ciniki: mai bit 64 ce? Kuma RAM ɗinta ya kai giga 4? Mai araha sosai da ba ta cika waɗannan ba, an riga an yaye ta. Wadda ta cika su amma ba ta ɗaukar Windows 11, mai gyara zai iya saka mata Debian ko Linux Mint ta ƙara shekaru tana aiki lafiya. A dai tabbatar an kwafe hotuna da takardu kafin ya taɓa ta.

Wadda ta mutu murus kuwa, kada a ba ƙananan yara su yi wasa da ita, musamman idan batirin ya kumbura, kuma kada a jefa ta a wutar shara. A kai wa masu gyara su cire abin da zai yi amfani.

Yanzu saura naki, uwargida. Wace na'ura ce mafi tsufa da har yanzu ke aiki a gidanki, kuma me yara suke yi da ita? Akwai manhajar da ta taɓa sallamar ki ba shiri? Ki rubuta mana a wurin sharhi da ke ƙasa, ki faɗi garinku da lambar Android ɗin wayarki kawai, ban da lambar waya. Idan amsoshin sun taru, mu ma mun samu namu ƙirgen da za a iya nuna wa masu yanke hukunci.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.